Babi na 6: Bugun Zuciya da Barci

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. A wannan babi za mu koyi jin bugun zuciyarmu da hannunmu, mu san abin da ke rikita shi, sannan mu gyara barcinmu. Kowa ya ɗauko littafinsa da biro, da agogo mai nuna sakan. Agogon waya ma ya isa.

Darasi na 1: Ƙirga bugun zuciya

Ku zauna ku huta minti 5 tukuna. Wanda ya shigo yanzu daga kasuwar Kejetia ta nan Kumasi da kaya a ka, ya jira numfashinsa ya daidaita.

Ku buɗe tafin hannun hagu yana kallon sama. Ku ɗora yatsu 2 na hannun dama, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannun hagu, ta ɓangaren da babban yatsa yake, ƙasa da gindinsa kaɗan. Ku danna a hankali. Za ku ji wani abu yana motsi: dam, dam, dam. Jini ne da zuciya ta turo.

Yatsu 2 na ce. Ba da babban yatsa ake ji ba, don shi ma yana da nasa bugun, sai ya ruɗa ku. Ku dubi hannunku yanzu. Wane yatsa ne a wurin? In babba ne, ku ɗauke shi, ku sa manuniya da na tsakiya. Idan ba ku ji komai ba, kada ku damu, kusan kowa haka yake farawa. Ku matsa kaɗan, ku sassauta dannawa. Wanda ya danna da ƙarfi yakan toshe jijiyar ya daina ji.

Kun ji? Madalla. Yanzu ku dubi agogo ku ƙirga har sakan 60, wato minti 1 cif. Kada ku tsaya a rabi. Zuciyar babban mutum da ke hutawa takan buga tsakanin 60 da 100 a minti. Ku rubuta lambar da kuka samu.

Bayan lamba, ku lura da tafiyar bugun. Lafiyayyen bugu kamar dakan mace ɗaya ne a turmi, tazara ɗaya daga farko har ƙarshe. In kun ji ya yi tsalle, ko ya ɗan tsaya, ko yana sauri yana jinkiri ba tsari, ku rubuta “ba daidai ba” kusa da lambar.

Mu sake. Hannun hagu a buɗe. Yatsu 2. Sakan 60. Hajiya, na san hannu ya saba da babban yatsa wajen jan carbi, amma a nan ki naɗe shi. Alhaji, kai ma haka. Kowa ya gwada a hannun na kusa da shi, namiji da namiji, mace da mace, ya duba ko yatsun daidai suke.

Darasi na 2: Me ke tayar da zuciya?

Na farko yana cikin aljihunmu: goro. A cikin goro akwai sinadarin kafeyin, wanda ke cikin kofi da ganyen ataya da lemukan gwangwani na ƙara kuzari. Yana kore barci, kuma a jikin wasu yana sa zuciya gudu. Awa 5 ko makamancin haka bayan an sha, rabinsa na nan a jini. Ke nan atayar da matasanmu ke sha a Aboabo da Asawase da ƙarfe 10 na dare, kofi na ɗaya, na biyu, na uku da sukari cunkus, tana nan tana aiki har wajen asuba.

Sigari da shisha da giya duk suna rikita bugu. Haka nan tashin hankali, da yawan tunani, da rashin shan ruwa a ranar zafi, da zazzaɓi. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci ma suna yi. Akwai kuma cututtuka: hawan jini, ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo. Waɗannan sai an gwada a asibiti.

Ga aikinku. Duk ranar da gaba ya faɗi ko ƙirji ya riƙa dukan uku-uku, ku zauna, ku sa yatsu 2, ba babba ba, ku ƙirga sakan 60. Ku rubuta rana, da lokaci, da lamba, da abin da kuka ci ko kuka sha. Misali: Talata, ƙarfe 9 na dare, 108, ba daidai ba, goro 2.

Zan faɗa muku gaskiya, raina yana ɓaci idan na buɗe littafi na tarar da shafi fari fat, mai shi kuma yana cewa ai ya riƙe a ka. Likita zai duba kanku ne? Wasu kuma har yanzu babban yatsa suke sawa, su ƙirga sakan 20 su tashi. Haba! Akwai wani irin rikicewar bugu da ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5, kuma sau da yawa a wuyan hannu ake fara gane shi. Yatsu 2, sakan 60, a rubuta.

Darasi na 3: Barci

Babban mutum yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Ku yi lissafi: mai tashi sallar asuba da 4:30 ya kwanta 9:30. Masu koko da ke tashi tun da duhu su kwanta bayan isha'i, su ɗan yi ƙailula gajeriya da rana. A bar goro da ataya daga azahar. A ajiye waya, a kashe fitila, a shiga gidan sauro. Lokacin kwanciya ya zama ɗaya kullum.

Mai minshari da ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ya farka a firgice, a kai shi ga likita. Wannan ma yana rikita zuciya.

Darasi na 4: Zuwa asibiti

Ciwon ƙirji, ko suma, ko jiri mai tsanani, ko numfashi ya gagara: a kira 112, ko a garzaya asibitin Komfo Anokye. Idan bugun yana yawan fita “ba daidai ba”, a je asibiti mafi kusa a nemi gwajin ECG, wato auna bugun zuciya da na'ura. A tafi da littafin da katin inshorar lafiya.