Yadda ake shirya wa aminin ƙuruciya walimar cika shekara 50

Kafin ka ɗauko hayar kujera ko ɗaya, je ka gaida mahaifiyarsa in tana raye, ko babbar yayarsa. Da yawa cikinmu da aka haifa wajajen 1975, 1 ga Janairu aka rubuta mana a takarda don ba wanda ya riƙe ranar. Tsohuwa ce za ta ce maka, "Ai da kaka ne, sati guda bayan ƙaramar Sallah." Ka kuma lura da lissafin da take yi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka mai 50 a kalanda ya riga ya haura 51 a wajenta.

Kada kalmar bazde ta fito daga bakinka. Ka ce walima. Akwai abokan da za su ƙi zuwa da zarar sun ji an ambaci kek da kyandir, kuma ba ranar muhawara ba ce. Ni ba na sa kek sam. Ba-zata ma ba na so, amma in ka nace, to uwargidansa ta sani.

Sai gayyata, inda na taɓa kwafsawa. Da na shirya wa nawa aminin, wanda muka yi makarantar allo tare a unguwar Jahun a Bauchi, sai na buɗe gurup a WhatsApp na zuba duk lambar da na samu. Na kama ɗakin taro a GRA. Mutanen ofis ɗinsa suka cika layin gaba, kowa na karɓar makirfo yana "Ranka ya daɗe". Waɗanda muka yi langa da tashe da su, ɗaya tela ne a Wunti, ɗaya direban babbar mota, suka rakuɓe a baya kamar baƙi. Kafin a raba abinci sun sulale. Har yau telan in mun haɗu sai ya ce, "Alhaji, ya taron manya?"

Don haka ka ɗauki biro ka rubuta sunan waɗanda suka san laƙabinsa na ƙuruciya kuma ba sa jin nauyin kiransa da shi. Da wuya su wuce goma sha biyar. Su kaɗai za ka gayyata, kuma da ƙafa, ba da saƙo ba. Wanda ya koma Gombe tun da aka raba jihar Bauchi a 1996, kira shi da bakinka, ka tura masa kuɗin mota a asirce kafin ya fara kawo uzuri. In malaminku na allo ko na firamare yana raye, a ɗauko shi a mota, shi zai buɗe da addu'a. Karo-karo kuwa, kada a yanka wa kowa adadi, kada a karanta wanda ya ba da nawa.

Wuri: zauren gidansu na gado ko ƙofar gidan, a shimfiɗa tabarmi. Kyauta ne, kuma hira ta fi zuwa a can. Wasu na son kwasar jama'a zuwa Yankari a yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Da daɗi, amma kuɗin mai da na shiga za su cinye rabin abin da aka tara, dattawa kuma ba za su je ba.

Abinci, masa da miyar taushe, tsire, zoɓo. A ba mai masa oda tun kwana biyu, a ware na cikin gida kafin maza su fara. Kyauta guda ta isa: shadda da hula, ko tsohon hoton aji a wanke shi babba a sa a firam. A fara bayan La'asar, a yi hoto da sauran haske, a tashi da kiran Magariba.