Yadda Ake Harhaɗa Misalan LVGL a Kwamfuta Kafin a Kai su Kan Na'ura

LVGL ɗakin kayan zane ne, wato tarin lambobin manhaja na zana maɓallai da rubutu a allo, da aka rubuta da harshen C domin ƙananan na'urori masu allo, irin waɗanda ake ginawa da ƙananan kwakwalwan lantarki kamar ESP32 da STM32, kuma Gábor Kiss-Vámosi ɗan ƙasar Hangari ne ya fara shi. Shawarata ga duk mai son koyonsa ita ce ya fara harhaɗa misalan a kwamfuta, domin a can ne zai iya bambance matsalar manhaja da matsalar wayoyin haɗi ko allo.

A kan Ubuntu, sai a fara sanya kayan aiki da umarnin sudo apt install build-essential cmake libsdl2-dev. SDL2 ita ce za ta buɗe taga a kwamfuta ta tsaya a madadin allon na'urar. Daga nan a sauko da ma'ajiyar lv_port_pc_vscode daga GitHub ta hanyar git clone tare da --recursive. Kada a manta da wannan ƙarin, saboda LVGL kanta tana rataye ne a cikin ma'ajiyar, kuma in ba a sa shi ba foldar lvgl za ta zo wayam, CMake, manhajar da ke tsara harhaɗawar, ya tsaya da kuskure.

Inda aikin yake da gaske shi ne fayil ɗin lv_conf.h, wanda ke ɗauke da saitunan LVGL. Wannan ma'ajiya tana zuwa da nata, amma a aikin da mutum ya fara da kansa dole ne ya kwafi lv_conf_template.h, ya ajiye shi kusa da foldar lvgl da sunan lv_conf.h, sannan ya mayar da #if 0 da ke samansa zuwa #if 1, domin in ba haka ba duk abin da ya gyara a ciki ba zai yi tasiri ba. A nan ake kunna LV_BUILD_EXAMPLES da LV_USE_DEMO_WIDGETS. A duba LV_MEM_SIZE ma, wato girman ƙwaƙwalwar da aka ware wa LVGL, domin misalin widgets yana buƙatar aƙalla kilobayit 38, kuma 48 aka fi so. LV_COLOR_DEPTH kuwa, wato yawan bit ɗin launin kowane ɗigo na allo, gara a daidaita shi da allon da za a yi amfani da shi daga baya, wanda a yawancin ƙananan allunan TFT 16 ne.

Bayan haka a buɗe main.c a kira misali ɗaya tak, kamar lv_demo_widgets(), sai a bayar da cmake -B build, a bi shi da cmake --build build. Manhajar da aka harhaɗa za ta fito a foldar bin.

Idan aka ga saƙon da ke cewa ba a san wani suna ba, a fara duba sigar LVGL. Siga ta 9, wadda ta fito a 2024, ta sauya sunaye da dama, har lv_btn ya koma lv_button, don haka lv_example_btn_1() na siga ta 8 ya zama lv_example_button_1(). A ɗauki misalan daga foldar examples ta sigar da aka sauko da ita, a guji kwafo su daga tsofaffin darussa.