Yadda Ake Gano Ƙa'idar Jerin Lambobi Daga Lambar Da Ta Gabata

Idan aka ba ka jerin lambobi a darasin aljabara, aka ce ka nemo ƙa'idar da ke fitar da kowace lamba daga wadda ta gabace ta, fara da sanya musu suna: ta farko a₁, wadda ke matsayi na n ita ce aₙ, wadda ta gabace ta kuma aₙ₋₁.

Gwajin farko shi ne ɗebewa. A jerin 5, 8, 11, 14, tazarar da ke tsakanin lambobin 3 ce a ko'ina, saboda haka aₙ = aₙ₋₁ + 3. Idan tazarar ba ɗaya ba ce, sai ka gwada rabawa, domin a jerin 3, 6, 12, 24 kowace lamba ninkin ta baya ce, wato aₙ = 2aₙ₋₁.

Inda aikin yake shi ne jerin da ya ƙi waɗannan gwaje-gwajen biyu, kamar 2, 5, 11, 23, 47. Kada ka watsar da tazarar da ka samu, wato 3, 6, 12, 24, domin yadda take ninkuwa alama ce cewa ana ninka lambar baya sannan a ƙara mata wani adadi. Ka ɗauka cewa aₙ = paₙ₋₁ + q, inda p shi ne adadin da ake ninkawa da shi, q kuma adadin da ake ƙarawa, ka saka lambobin farko, za ka sami 5 = 2p + q da 11 = 5p + q. Ɗebe na farko daga na biyu zai ba ka 3p = 6, ke nan p = 2, q = 1. Sai ka jarraba ƙa'idar a kan 23 da 47, waɗanda ba su shiga lissafin ba, kuma duk sun dace. A ganina wannan hanyar ta fi cinke, ko da yake ɗalibai da yawa sun fi son cinken.

Wani jerin kuma, lambobi biyu na baya yake buƙata. Na Fibonacci, ɗan birnin Pisa da ya kawo shi a littafinsa na shekarar 1202, yana tafiya 1, 1, 2, 3, 5, 8, ƙa'idarsa kuma aₙ = aₙ₋₁ + aₙ₋₂.

Kada ka miƙa amsa ba tare da lambar farawa ba, domin aₙ = aₙ₋₁ + 3 za ta fitar da 5, 8, 11 kamar yadda za ta fitar da 1, 4, 7, dole ka rubuta a₁ = 5 kusa da ita. Haka kuma lambobi uku ba su isa hujja ba: 1, 2, 4 na iya zarcewa zuwa 8 idan ninki ne, ko zuwa 7 idan tazarar ce ke ƙaruwa da ɗaya, kuma lamba ta huɗu ce za ta raba gardama.