Ga masu dashen haƙori da suka sauka Ingila

'Yan uwana na Zamfara da kuka iso kwanan nan, sannunku da hanya. Da yawa cikinmu, musamman dattawa, sun biya ta Alkahira ko Istanbul an dasa musu haƙori, shi ya sa nake son mu yi wannan maganar tun da wuri.

Ku fara nemo takardar dashen. Kowane kamfani, ko Straumann ne ko Nobel Biocare, da irin sukurunsa da abin kwance shi. Kawuna daga Ƙauran Namoda yana cin kilishi ya ji haƙorin sama na motsi. Likita ta tambaye shi sunan kamfanin, ya ce shi dai an sa masa ne. Sai da muka yi mako uku muna bugun waya kafin a samo takardar, aikin ɗaurewar kuwa bai kai minti ashirin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne dasashi. Dashe ba haƙorin Makka ba ne da ake lulluɓa wa haƙorin mutum. Ƙarfen titaniyam ne a cikin ƙashin muƙamuƙi, wanda kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ƙashi ya kama shi, kuma ba shi da jijiya. Don haka datti zai taru, dasashi ya kumbura, ƙashin da ke riƙe da shi ya yi ta zaizayewa, mutum bai ji zafin komai ba. In ka ga jini a burushi, ko mugunya, ko baki ya canza wari, kada ka jira ciwo. Mai shan taba da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba su ne suka fi shiga wannan hali.

Aswaki na da kyau, amma ba ya shiga ƙarƙashin gadar haƙora, wato haƙoran da aka haɗe aka ɗora kan dashe. Sayi ƙananan burushin tsakanin haƙora a kantin magani, ka bi da su kullum dare. Goro da ƙashin kaza, a yi haƙuri da su a gefen da aka yi dashen. Mai jeren haƙoran da ake cirewa, robobin da ke maƙale su sukan saki, sai an canza.

Batun kuɗi kuma, NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, ba ta cika ɗaukar nauyin dashe ba sai ga irin wanda hatsari ko ciwon daji ya raba da haƙoransa. Gyara daga aljihunka zai fito. Samun likitan haƙori a nan yana ɗaukar lokaci, to ka yi rajista tun yanzu, ka tafi da takardar da tsohon hoton ƙashinka a ziyarar farko.