Yadda Za Ka Zaɓi Zomo Ka Kuma Kula Da Shi

Idan kana son ƙaramar dabba a gida amma aljihunka ba nauyi, zomo nake ba ka shawarar ka nema. Sai dai ka sani yana iya yin shekara 8 zuwa 12 a raye, don haka ɗawainiya ce mai tsawo.

Da farko ka tanadi makwancinsa kafin ka saye shi: keji mai faɗi a inuwa, inda iska ke ratsawa, domin zafi na kashe zomo da sauri. Shimfiɗa katako ko ciyawa a ƙasa, tsurar waya tana ji masa ciwo a tafin ƙafa.

Sai zaɓe, kuma a nan nake so ka natsu. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba. Duba idonsa garau yake, hanci ba majina, cikin kunne ba ɓawo, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Wanda ka gani ya takure a lungu, gashi a hargitse, bar shi komai arharsa.

Abincinsa mafi yawa busasshiyar ciyawa ce, kada ta yanke masa. Haƙoransa ba sa daina tsiro, taunar ce ke rage su. Ƙara masa ɗanyen ganye kaɗan-kaɗan, karas kuwa ɗan yanki ya isa. Ruwa mai tsabta kullum.

Don Allah kada ka ɗauke shi ta kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindinsa, ka manna shi a jikinka.

Share kejin kowace safiya, kana lura da kashinsa. In ya wuni bai ci ba, bai yi kashi ba, garzaya da shi wurin likitan dabbobi a ranar.