Yadda Baƙo Zai Zauna Ya Nemi Abinci a Kumasi Ba Tare da Ya Taka Doka Ba

Bahaushen da ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya sauka a Kumasi ta ƙasar Gana yakan ji kamar bai bar gida ba, domin da zarar ya shiga Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango zai ji ana ciniki da Hausa, ya ji kiran salla ta kowace kusurwa, ya karya kumallo da koko da ƙosai. Tun zamanin fataucin goro kakanninmu ke bin hanyar Gwanja su yada zango a Salaga, daga baya suka gangaro kudu suka kafa unguwannin da ake kira zango a ƙasar Asante. Sai dai wannan sauƙin ne yake ruɗin baƙo har ya manta cewa zango yana cikin ƙasa mai dokokinta, kuma ranar da jami'in shige da fice ya tare shi, fasfo zai nema a hannunsa, ba sunan masallacin da yake salla ba.

Shiri yana farawa ne tun daga gida. Ka tanadi fasfo wanda wa'adinsa bai kusa ƙarewa ba, da katin rigakafin ciwon shawara, domin ana tambayarsa a bakin iyaka. Ko ta Legas da Kwatano da Lome ka biyo ka shigo ta Aflao, ko ta Wagadugu ka shigo ta Paga, ka bi ta ƙofar hukuma a buga maka hatimi, kada ka saurari mai babur da zai ce zai zagaya da kai ta daji don ka tsira da 'yan kuɗi kaɗan. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza ya zauna har kwana 90, kuma daga ranar da ke jikin hatimin nan ake fara lissafi. Mutanen Nijar su lura cewa ƙasarsu, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025; ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai ta ba da wata sanarwa, wato alfarma ce da za a iya janyewa.

Abu na farko da za ka nema bayan ka sauka shi ne mai masauki, kuma a ganina babu abin da ya kai wannan muhimmanci a makonnin farko. Tsohon tsarin zango shi ne baƙo ya sauka a hannun maigida, shi ne zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya rikice. Tsarin yana nan da ransa, musamman wajen fatake masu kawo albasa daga Nijar da masu kawo shanu daga arewa. Ka nemi sunan mutum tun kafin ka taso, daga bakin wanda ya taɓa sauka a hannunsa, sa'an nan ka roƙe shi ya kai ka ka gaida limamin unguwa da shugaban mutanen garinku, waɗanda su kuma suna da hanyar isa fadar Sarkin Zango. Gaisuwar ba ta cin komai sai ɗan goro, amma ranar da aka yi rigimar bashi ko rashin lafiya ko rasuwa, tambayar farko da za a yi ita ce baƙon wane ne. A gefe guda, kada ka yi dariya idan ka ji Hausar nan ba ta bambanta namiji da mace, ana cewa yarinya ya zo. Haka harshen ya zauna a Gana, kuma gyara wa dattijo magana ba ya jawo wa baƙo farin jini.

Mai masauki yana rufa maka asiri a cikin jama'a, amma ba shi da ikon ba ka izinin zama. Idan ka san za ka wuce kwana 90, ka je ofishin hukumar shige da fice tun da sauran lokaci, ka nemi ƙarin wa'adi ko takardar izinin zama. Kafin nan za a buƙaci ka yi katin shaida na baƙi, wanda hukumar katin ɗan ƙasa ke bayarwa ga duk baƙon da zamansa ya kai kwana 90 a cikin shekara. Da dala ake ƙayyade kuɗinsa, ana kuma sabunta shi, kuma da shi ake buɗe asusun banki a yi rajistar layin waya na dindindin. Za ka haɗu da masu ba ka shawarar ka yi katin 'yan ƙasa kawai, tunda kana jin Hausa kamar kowane ɗan zango. Kada ka yarda, domin laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa, kuma yana jawo wa 'yan zango na asali, waɗanda aka haifi kakanninsu a nan, ƙarin tuhuma duk lokacin da suka je neman fasfo.

Batun sana'a shi ne inda baƙi suka fi faɗawa rami. Dokar zuba jari ta shekarar 2013, mai lamba 865, ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Gana kaɗai: sayar da kaya a kasuwa ko a rumfa, talla, aski da gyaran gashi, sayar da magunguna ɗai-ɗai, yin ruwan leda da sayar da shi, da harkar tasi idan motocin ba su kai 25 ba. Ta kuma ce baƙon da ke son kasuwancin saye da sayarwa sai ya zuba jarin da bai gaza dala miliyan ɗaya ba, ya ɗauki 'yan ƙasa aƙalla 20 aiki. 'Yan kasuwar Najeriya sun daɗe suna cewa wannan ya saɓa wa yarjejeniyar ECOWAS, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma hakan bai hana a rufe shagunan baƙi a Suame Magazin, kasuwar kayan gyaran motoci ta Kumasi, a shekarar 2019 ba. Dabarar da wasu ke yi ta buɗe shago da sunan ɗan ƙasa tana da haɗari biyu, domin doka ta hana, kuma idan mai sunan ya rasu ko zuciyarsa ta canza, babu takardar da za ka nuna wa magadansa. Hanyar da ta fi aminci ga ƙaramin ɗan kasuwa ita ce ta fatauci, wato ka kawo kaya daga gida ta hanyar kwastan, ka danƙa wa maigida da dillalansa su sayar, ka biya la'ada. Canjin kuɗi a bakin titi ba lasisi da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamse, kuwa, duk ribar da aka kwaɗaita maka, ka nisance su.

Dattawan zango ba su manta da watan Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka karyar da gidaje da kaya suka hau manyan motoci. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Gana irin haka a zamanin Shehu Shagari. A duka biyun, waɗanda suka fi asara su ne waɗanda suka shekara da shekaru suna ganin takarda ba ta da amfani.

Wanda aikin albashi ya kawo shi, kamar makanike ko malamin makaranta, ya tabbatar wanda ya ɗauke shi ya nema masa izinin aiki. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aikin da zai kai wata shida sai an rubuta yarjejeniya, ta kuma tanadi sa'a 40 a mako da hutun kwana 15 na aiki a shekara. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka, kwafi kawai za ka bayar.

Haya tana da nata ciwon kai. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma a zahiri kuɗin shekara ɗaya ko biyu za a nema. Kada ka biya ɗan kamasho kuɗin ɗaki sai ka ga mai gidan ido da ido, a gaban mai masaukinka, an rubuta rasit, an kuma fayyace yadda ake raba kuɗin wuta da ruwa. Wajen ciniki kuma ka buɗe kunne, domin tun da aka sauya kuɗi a 2007, aka mai da tsohuwar sidi 10,000 ta zama sabuwar sidi ɗaya, har yau akwai masu lissafi da tsohon kuɗi a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi. Idan mai kaya ta ce miliyan ɗaya, sau da yawa sidi 100 take nufi.

Daga ƙarshe, ka tuna cewa masu ƙasa Asantawa ne, kuma sarkinsu Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan gado tun 1999, maganarsa tana da nauyi ƙwarai a birnin. Ka koyi gaisuwa da godiya da ƙirga kuɗi da harshensu na Tuwi, ka miƙa abu da hannun dama, idan ka shiga taro ka fara musabaha daga wanda ke damanka ka bi zuwa hagu. Idan an yi babban rashi a gidan sarauta, fadar sarkin, wato Manhyia, takan ba da umarnin rufe kasuwanni da shaguna a ranar binnewa, a kuma hana fita da dare, kuma umarnin ya haɗa har da zango, don haka mai kayan gwari irin albasa ko tumatir ya tambayi maigidansa ranakun kafin ya sa a yi masa lodi.