Yadda na magance ƙarar janaretan maƙwabcina

Da na baro Jos na kama ɗaki a Kubwa, wata biyu ban yi barcin kirki ba. Ana ɗauke wuta maƙwabcina zai ta da janareta daidai ƙasan tagata, har kofin shayi na rawa a kan tebur. Na toshe kunne da auduga, a banza, domin girgizar ta cikin siminti take biyowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same shi, na ce, "Baba Alhaji, alfarma na zo nema." Ashe bawan Allah bai ma san halin da nake ciki ba.

Muka sayi ƙarin waya mai kauri, muka mayar da injin can gindin katanga, daga mita 2 zuwa 8. A fili, duk ninka tazara kan rage ƙara da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Na karɓo tsohuwar taya wurin mai faci, muka shimfiɗa katako a kai, muka ɗora injin. Girgiza ta mutu. Baba Alhaji ya so a shigar da injin ɗakin ajiya a rufe, na roƙe shi don Allah kada a yi, hayaƙin nan kisa yake yi.

Yanzu kiran sallar asuba ne ke tashina.